Babi na Bakwai: Shelar da Ta Ƙi Ƙarewa

Duk wanda ƙaya ta taɓa karyewa a tafin ƙafarsa ya san abin da ke biyo baya. Kafin gari ya waye wurin ya tasa, ya ɗauki zafi, ya yi ja (a fatarmu sau da yawa sai dai ya yi duhu yana sheƙi), ko bakin zane ya goge shi sai mutum ya zabura. Waɗannan alamu huɗu, ja da kumburi da zafi da raɗaɗi, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya jera su kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma har gobe da su ake fara koyar da ɗaliban likitanci. Mutum yakan ɗora wa ƙayar laifin wannan azaba. Ita ƙaya hudawa kawai ta yi. Duk sauran aikin jiki ne da kansa, kuma da niyyar alheri yake yinsa.

A cikin fata, da huhu, da hanji, da gaɓoɓi, akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune suna jira, ana kiransu makurofaj. Aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo. Amma da zarar sun ji alamar ƙwayar cuta ko ta tsokar da ta yage, ba haɗiya kaɗai suke yi ba, suna fitar da wasu ƙananan sinadaran furotin da masana ke kira saitokin. Saitokin ba ya kashe ƙwayar cuta. Kamar mai shela yake a gari ranar gobara: bai ɗauki guga ba, bai watsa ruwa ba, amma muryarsa ce ta fito da kowa daga gida. Idan saitokin ya isa ga jijiyoyin jinin da ke kusa, sai su buɗe, jini ya kwararo, wurin ya yi ja ya yi zafi. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin tsoka, a ga kumburi. Cikin jijiyar ya yi danƙo, fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa su maƙale, su ratsa bango su nufi inda ake kiransu. Jijiyoyin jin ciwo su ƙara kaifi, don kada mutum ya ci gaba da taka ƙafar. Idan abin ya yi yawa saƙon ya bi jini har ƙwaƙwalwa, sai zazzaɓi ya sauko, abinci ya fita daga rai, mutum ya nemi tabarma. Duk wannan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin a gwajin jini ana auna saitokin ne da kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram.

Saitokin suna da yawa, sun haura ɗari. Na farko da aka gano shi ne intaferon, a Landan a 1957, ta hannun Alick Isaacs da Jean Lindenmann. Wasu da dama an sa musu suna intalukin an bi su da lamba, ana taƙaitawa da IL-1, IL-6, IL-17 da sauransu. Ba kuma dukansu ne masu tayar da hankali ba. Akwai irin su IL-10 waɗanda saƙonsu shi ne an gama, kowa ya koma. Lafiyayyen kumburi shi ne wanda ya tashi da sauri, ya yi aikinsa, ya kwanta cikin kwanaki. Wannan babi a kan wanda ya ƙi kwanciya ne.

Mu a wurinmu duk ciwon da ya kama gaɓa sanyin ƙashi ne, ko amosanin gaɓɓai. Likita kuwa yana rarrabewa, domin maganin wannan ba shi ne na wancan ba. Akwai na gogewa, wanda ke zuwa da shekaru da nauyin jiki da wahalar aiki, ya fi kama gwiwa da kwankwaso da baya. Shi ya fi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 na ɗauke da shi a 2019. Akwai gawut, wanda ke afka wa babban yatsan ƙafa cikin dare. Sannan akwai rumatoyid, wanda hukumar ta ce ya kama mutum miliyan 18 a wannan shekarar, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Shi ne ya fi su mugunta, don ba ya jiran tsufa. Yakan kama mace tana tsakiyar ƙarfinta, tana goyo, tana sana'a.

Kamunsa yana da salo. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓi, yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, kuma dama da hagu tare. Da asuba hannu ya sandare, a ɗauki sa'a guda ko fiye kafin ya saki. Mace ta kasa murɗe wanki, ta kasa riƙe muciya, ta kasa ɗaure zane. Ɗaukar buta don alwala ya zama aiki. Ga gajiyar da barci ba ya maganinta. 'Yan uwa su ce ragwanci ne, wasu su ce sammu, wasu su ce sanyin haihuwa ne bai fita ba.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne wannan. Kowace gaɓa mai motsi tana lulluɓe da wani siririn tantani mai fitar da ruwan da ke sa ƙasusuwa su zame ba tare da gogayya ba. A rumatoyid, garkuwar jiki takan ɗauki wasu furotin na jikin mutum a matsayin baƙi, ta tara ƙwayoyinta a wannan tantani. Gado yana da hannu, shan taba yana da hannu babba. Makurofaj su yi ta zuba saitokin, saitokin ya jawo sababbin ƙwayoyi, su ma su zo su zuba nasu. Tantanin da bai kai kaurin takarda ba sai ya yi kauri, ya yi jijiyoyi, ya hau kan guringuntsi yana fitar da sinadaran da ke narkar da shi. Saƙon ya kuma tayar da ƙwayoyin da aikinsu na yau da kullum shi ne rushe tsohon ƙashi don a gina sabo, sai su yi ta rushewa ba a ginawa. A hoton ƙashi ana ganin ramuka a gefen gaɓa. Daga nan yatsu su karkace. Shi kuma IL-6 ya tafi hanta, ya sa ta fitar da wani furotin mai suna CRP, wanda likita ke aunawa don sanin tsananin kumburi, ya kuma sa ta ɓoye sinadarin ƙarfe, har majiyyaci ya rasa jini alhali yana cin abinci. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya daga wannan bayani: guringuntsin da ya narke da gaɓar da ta karkace ba sa komawa yadda suke, komai tsadar maganin da ya zo daga baya.

Labarin yadda aka gano jagoran wannan ɓarna bai fara daga gaɓa ba. A 1891 wani likitan tiyata a Niyok, William Coley, ya fara yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan, bayan ya lura cewa wani lokaci ƙari yakan motse idan majiyyaci ya sha zazzaɓi mai tsanani. An ɗauki shekaru fiye da tamanin kafin a samo dalili. A 1975, Lloyd Old da Elizabeth Carswell da abokan aikinsu, su ma a Niyok, suka sami wani abu a jinin ɓeraye wanda ke sa ƙari ya mutu ya ruɓe. Suka kira shi TNF, sinadari mai kashe ƙari.

A gefe guda kuma, wani masani na Jami'ar Rockefeller, Anthony Cerami, hankalinsa na kan wata cuta da kowane makiyayi a ƙasarmu ya sani: sammore. Ya ga shanu a Kenya waɗanda ƙudan tsando ya sa wa cutar, sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, alhali ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su kai yawan da za su cinye saniya haka ba. Ya yi zargin cewa jikin dabbar ne ke fitar da abin da ke tsotse ta. Ya bi sawun abin, ya sa masa suna kakektin. A 1985, shi da Bruce Beutler suka nuna cewa kakektin da TNF abu ɗaya ne. Abin da ke kashe ƙari a ɓera shi ne ke ramar da saniya, shi ne kuma ke faɗar da hawan jini har mutum ya mutu idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini. An gwada ba masu ciwon daji TNF, ya fi ƙarfin jikinsu. An gwada toshe shi a masu gubar jini, bai ceci rayuka yadda aka yi fata ba. Kamfanoni suka zuba kuɗi suka yi asara.

Daga nan mutum biyu suka shigo, a Cibiyar Kennedy ta binciken cututtukan gaɓoɓi da ke Landan a lokacin. Ɗaya Ravinder Maini, likita haifaffen Indiya wanda ya tashi a Yuganda. Ɗayan Marc Feldmann, masanin garkuwar jiki da ya yi karatunsa a Ostireliya. Suka riƙa karɓar tantanin gaɓa da aka cire wa marasa lafiya a tiyata, suna duba irin saitokin da ke ciki. Abin da suka tarar ya kusa karya musu gwiwa, domin kusan duk wanda suka nema sun same shi. Masana da yawa a lokacin suka ce magana ta ƙare: idan masu shela ashirin ne a gari, rufe bakin ɗaya ba zai hana jama'a fitowa ba.

A 1989, Fionula Brennan, wadda ke aiki tare da su, ta yi wani gwaji mai sauƙin faɗa. Ta zuba abin da ke kama TNF shi kaɗai a kan ƙwayoyin tantanin da ake rainonsu a ɗakin bincike. Sai IL-1 ma ya faɗi, alhali ba a taɓa shi ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna wasu ma suna faɗuwa. Ashe ba a barkatai suke ba, akwai na gaba da sauran ke jiran umarninsa. A 1991 kuma George Kollias da tawagarsa a ƙasar Girka suka samar da ɓerayen da jikinsu ke fitar da TNF irin na mutum fiye da kima, sai ga ɓerayen sun kamu da ciwon gaɓoɓi mai cin ƙashi ba tare da wata ƙwayar cuta ba.

Saura gwaji a jikin mutum. Wani kamfanin Amurka mai suna Centocor yana da maganin da ke kama TNF, wanda Jan Vilcek da Junming Le na Jami'ar Niyok suka taimaka wajen ƙirƙira. A 1992, a asibitin Charing Cross da ke Landan, aka ɗaura wa mutum 20 shi ta jijiya, dukansu waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. Cikin kwanaki sandarewar asuba ta ragu, gaɓoɓi suka saɓe, CRP ya sauka, gajiya ta tafi. Bayan wasu makonni ko watanni ciwon ya dawo. Wannan dawowa tana da muhimmanci kamar sauƙin, domin ta nuna cewa maganin yana rufe bakin mai shela ne, bai kawar da abin da ya sa shi shela ba. A 1994 aka wallafa gwaji na biyu da mutum 73, inda majiyyaci da likitansa ba su san wanda ya sami maganin gaske ba, sakamakon ya tabbata. Daga baya aka ga cewa idan aka haɗa shi da wani tsohon magani mai suna metotireksat, cin ƙashin da ake gani a hoto yakan kusan tsayawa cak. Maganin ya fito kasuwa da sunan Remicade, aka amince da shi don rumatoyid a Amurka a 1999. Enbrel ya riga shi a 1998, Humira ya biyo baya a 2002. Maini da Feldmann suka karɓi lambar yabo ta Lasker a 2003. A ganina sun cancanci fiye da haka, saboda kafin su, keken guragu ne makomar da yawa daga cikin masu wannan cuta.

Amma TNF ba shi ne jagora a ko'ina ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rumatoyid ba sa samun sauƙin kirki da toshe shi. A Osaka ta Japan, Tadamitsu Kishimoto da Toshio Hirano sun gano tsarin halittar IL-6 a 1986, kuma daga aikinsu aka sami tosilizumab, wanda ke taimaka wa wasu daga cikin waɗannan. Shi ne kuma aka nuna a 2021 yana rage mace-mace a masu korona mai tsanani, waɗanda kumburin huhunsu ya fi ƙwayar cutar kanta haɗari. Toshe IL-1 bai yi abin a zo a gani ba a rumatoyid, amma a gawut shi ne kan gaba, don shi ne ke tashi idan ƙanƙarar sinadarin yurik ta taru a gaɓa. IL-17 kuma ya fi ƙarfi a amosanin ƙashin baya da wata cutar fata mai ɓawo. Tun 2012 akwai ƙwayoyin haɗiya, irin su tofasitinib, masu tare saƙon bayan ya shiga cikin ƙwayar halitta. Shi ya sa sanin nau'in ciwo yake gaba da sayen magani.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafarmu. Allah bai halicci TNF don ya ci gaɓa ba. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa shi ne tsare ƙwayar tarin fuka. Idan ta shiga huhu, garkuwar jiki takan kewaye ta da ƙwayoyinta ta kulle ta, mutum ya yi shekaru da ita bai ko yi tari ba, kuma TNF ne ke riƙe da wannan kulli. A 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi musu bayan sun karɓi Remicade, yawanci cikin watannin farko, kuma a fiye da rabinsu cutar ta fita daga huhu ta kama wasu sassan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar wannan ƙwaya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu cutar. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi katutu a yankinmu, yana iya farkawa. Saboda haka duk wanda za a fara wa irin wannan allura, a gida ko a Masar ko a Indiya, wajibi ne a fara gwada shi don tarin fuka da ciwon hanta. Idan ba a yi masa maganar ba, shi ya yi.

Zazzaɓin cizon sauro ma ya koyar da darasi. A 1990 Dominic Kwiatkowski da abokansa suka nuna cewa yaran Gambiya da zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwarsu har suka rasu sun fi sauran yawan TNF a jini. Aka gwada ba irin waɗannan yara maganin toshe shi. Zafin jiki ya sauka, amma mace-macen ba su ragu ba.

Sai batun kuɗi. A 2022 kaɗai an sayar da Humira na sama da dala biliyan 21. Tun 2013 an fara samun makamantan waɗannan allurai masu rangwame, amma har yanzu sun fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu, ga shi dole a ajiye su a firji, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. An ma daɗe ana ɗauka cewa cutar rumatoyid ba ta damu Afirka ba. A 1968 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekara goma yana aiki a Zariya, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a cikin waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Ibadan, ya yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan yankin suna sauya halin garkuwar jiki. Hasashe ne mai daraja. Sai dai littafin asibiti yana ƙirga wanda ya zo ne kawai. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin 'yan Najeriya 200 masu rumatoyid daga asibitin gaɓoɓi guda ɗaya tak. Cutar tana nan. Likitocinta ne suka yi ƙaranci.

Inda likita ya yi ƙaranci kuwa, kemis ne ke cike gurbi. Mai ciwon gaɓa ya je ya ce a haɗa masa, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ya sha, washegari ya tashi garau. Sau da yawa sirrin haɗin shi ne firedinisolon ko desametazon, dangin kotizon, waɗanda ake samu har a cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Ba ƙarya ba ne suna aiki, domin suna danne saitokin da yawa a lokaci guda. A 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench ya ba wata mata 'yar shekara 29 kotizon, wadda rumatoyid ya kwantar, cikin kwanaki ta miƙe tana tafiya. Bayan shekara biyu aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba kuma aka ga ɗaya fuskar maganin: kumburin fuska, ciwon suga, hawan jini, yanar ido, ƙashi ya yi rauni har ya karye da ɗan tuntuɓe. Likita yana ba da shi kaɗan, na ɗan lokaci, kafin maganin asali ya kama. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, don jiki ya riga ya rage yin nasa. A hankali ake janyewa, ƙarƙashin kulawar likita. Su kuma dikulofenak da ibufurofen suna rage raɗaɗi, amma ba sa hana ƙashi cinyewa, kuma yawan shansu na kawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sauƙin da suke kawowa ne ke cinye watannin da ya kamata a ceci gaɓar a cikinsu.

Alhali kuwa maganin da duniya ta yarda a fara da shi ba allurar miliyoyi ba ce. Metotireksat ne, tsohuwar ƙwaya mai sauƙin kuɗi, wadda aka amince da ita don rumatoyid a Amurka tun 1988. Tana rage kumburin daga tushe, kuma mutane da yawa ita kaɗai, ko tare da wata irinta, take isarsu. Tana da sharuɗɗa masu tsauri. Sau ɗaya ake shanta a mako, ba kullum ba, kuma an yi asarar rayuka saboda wannan kuskure. Ana haɗa ta da folik asid, ana gwada jini da hanta lokaci zuwa lokaci, mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ba ta sha. Ba maganin da za a saya a tebur ba ne. Takan ɗauki makonni kafin a ga aikinta, don haka sai an yi haƙuri. An kuma tabbatar cewa wanda ya fara ta cikin watannin farko na ciwon ya fi samun nasara nesa ba kusa ba a kan wanda ya zo bayan shekaru.

Saboda haka, idan kai ko matarka ko mahaifiyarka kun ga yatsun hannu biyu sun kumbura, suna sandarewa da asuba fiye da rabin sa'a, har abin ya kai mako shida, kada a tsaya ga haɗin kemis ko shafe-shafe. A je babban asibiti, a nemi ganin likitan gaɓoɓi, a yi gwajin jini da hoton hannu. A tafi da ledar duk magungunan da aka sha a nuna masa, har da na gargajiya. Mai shan taba ya daina. A yi wannan tun yatsun suna miƙe.